Tambaya da Amsa: Yaya Zan Gane Sandunan Golf na Jabu da na Sata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya bara, kuma da likita ya ce in riƙa yawan tafiya a ƙasa, sai na fara zuwa filin golf na Kaduna ina koyon wasan da sandunan aro. Kwanan nan wani mutum ya tallata mini cikakkiyar jaka a Facebook, mai ɗauke da direba, wato sandar da ake buga ƙwallo nesa da ita, ƙirar TaylorMade da sandunan ƙarfe ƙirar Titleist, a kan kuɗin da bai kai na direban kaɗai a shago ba. Ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Ingila, ba shi da rasit, kuma yana son in tura rabin kuɗin kafin ya kawo kayan. Raina ya biya, amma hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan gane ko jabu ne ko kuwa na sata? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a hutun da ka samu. Kafin komai, kada ka tura ko sisi a kan kayan da ba ka riƙe a hannunka ba. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi ya same ka a filin wasa da rana tsaka ba, inda kocin filin zai duba sandunan, kai kuma ka buga ƙwallo goma ko ashirin da su. Idan ya ƙi wannan sharaɗi, cinikin ya mutu ke nan, kuma ba ka yi asarar komai ba.

Matsalar jabu ta yi girman da manyan kamfanonin Amurka masu ƙera kayan wasan, irin su Callaway da Ping da TaylorMade da Acushnet mai Titleist, suka haɗa kai tun 2004 don yaƙi da ita, kuma a ƙiyasinsu ana ƙera sandunan jabu kusan miliyan 2 a kowace shekara, akasari a ƙasar Sin. Sai dai ganin sunan Sin a jikin sanda ba hujja ba ce, domin yawancin kawunan sanduna na ainihi ma a masana'antun Asiya ake zuba su. Farashi ya fi wannan faɗin gaskiya. Sabon direba na waɗannan kamfanoni yakan kai kusan dala 600 a Amurka, saboda haka jaka guda cur a ƙasa da wannan kuɗi abin tambaya ce, kuma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Idan kayan sun zo hannunka, fara da direban, tunda shi ne mafi tsada kuma shi aka fi kwaikwaya. Fuskar direba na ainihi galibi da ƙarfen titaniyam ake yin ta, wanda maganaɗisu ba ya kamawa, don haka ka je da ɗan maganaɗisu a aljihu, idan ya manne a fuskar ka ajiye sandar. Rashin mannewa kuwa bai wanke ta ba, domin masu jabu sukan yi amfani da sanholo wanda shi ma ba ya kamuwa, sannan tun 2022 TaylorMade ya fara fitar da direbobi masu fuskar kabon. Daga nan sai ka nemi ɗan makullin da ake kwance kan direba da shi. Na taɓa riƙe direbobi biyu masu suna ɗaya, ɗaya na ainihi ɗaya jabu, waɗanda daga nesa ba za ka bambance su ba. A na ainihin, ɗan nauyin da ke ƙarƙashin kai ya kwance sumul da makulli, ya faɗo tafin hannuna da nauyinsa. A na jabun makullin ya ƙi shiga, da muka duba da kyau sai muka ga ashe siffar kusa ce kawai aka zuba tare da kan aka shafa mata fenti. Da aka buga ƙwallo da shi kuma sai ya ba da wata ƙara kamar an daki gwangwani.

Sauran alamomin ƙanana ne amma sukan taru su yi magana. Mariƙin jabu yakan yi warin roba mai hawa kai kamar na sabuwar taya, tambarinsa kuma sau da yawa a karkace yake idan ka ajiye kan sandar daidai a ƙasa. Ka buɗe hoton wannan samfurin a shafin kamfanin, ka kwatanta harafi da harafi, domin a jabu fenti yakan tsallake layin rubutu, haruffan su yi kauri ko siriri fiye da kima. Ka duba ɗan baƙin zoben da ke tsakanin ƙota da wuyan kai, ko ya zauna daram ko kuwa gam ya ɓullo ta gefensa. Sandunan ƙarfe kuma ka jera su a bango daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, za ka ga na ainihi suna raguwa da kusan rabin inci a kowane mataki, ba tare da wata ta zarce 'yar'uwarta ba.

Mutane da yawa sukan ga lambar shaida a wuyan sanda su saki jiki, alhali masu jabu ma suna buga lamba, har sukan maimaita guda ɗaya a kan sanduna masu yawa. Kamfanin Ping yana sa lamba a kowace sandar ƙarfe, wasu kamfanonin kuwa a sanda ɗaya tak cikin jerin suke sawa, saboda haka rashinta a kan sauran ba laifi ba ne. Amfanin lambar shi ne ka ɗauki hotonta ka aika wa kamfanin ko dilansa da aka amince da shi, ka tambaya ko ta dace da wannan samfuri.

Batun sata shi ya fi damuna, domin jabu kuɗinka kawai zai ci, kayan sata kuwa har mutuncinka sukan taɓa. Sanda ta sata ta ainihi ce, za ta tsallake duk gwajin da na lissafa, saboda haka a nan mutumin za ka bincika. Tambaye shi a wane fili yake wasa, ƙotar direban mai tauri ce ko mai laushi, yaushe aka canza mariƙan. Wanda ya mallaki kaya zai amsa ba tare da inda-inda ba, wanda kuma ya ce aiko masa aka yi, sai ya nuna takardar jigila ko ya haɗa ka da ɗan'uwan nasa a waya. Ka duba ko an kankare lambar shaida, ko akwai sauran gam a jikin ƙota inda aka ɓare takardar suna, ko an yanke alamar kulob daga jakar. Ka zuge aljihunan jakar ma, domin idan ka tarar da safar hannu da ta sha gumi, da katin ƙirga maki mai sunan wani, da ƙwallaye masu alamar biro, to wannan jaka ce da mai ita bai shirya rabuwa da ita ba.

'Yan golf a Arewa ba su da yawa, kuma sun san juna. Tsakanin filayen Kaduna da Kano da Rayfield na Jos da IBB na Abuja, koci da yaran da ke ɗaukar jaka sukan san kayan kowane ɗan wasa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, kuma labarin jakar da ta ɓace ba ya daɗewa bai zaga ba. Nuna musu hotunan tun kafin ranar ciniki. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka na jihohin Arewa, haramun ne a shari'a, kuma ko da rashin sani ka saya, mai kaya yana da haƙƙin karɓar abinsa. Idan komai ya yi daidai, ku rubuta takardar ciniki da lambobin sandunan a gaban shaida, ka ga katin shaidar mai sayarwar, ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da wannan sunan.

TAMBAYA: Na saya wa maigidana direba a matsayin kyauta, sai kocinsu ya ce jabu ne. Ya halatta in sayar wa wani in rage asara? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Sayar da shi da sunan na ainihi algus ne, kuma ko kin bayyana aibinsa ba na ba ki shawarar ki sa shi a hannun wani, domin kan direban jabu yakan tsage ko ya fice daga ƙota a tsakiyar bugu, ya yi wa na kusa rauni. Ki roƙi kocin ya rubuta miki abin da ya gani, ki koma wa wanda ya sayar miki da wannan takarda da shaidar biyan kuɗinki, ki nemi ya mayar. Idan ya ƙi, ki kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC, sandar kuma ki adana ta yadda take, domin ita ce hujjarki.