Babur mai ƙafa huɗu na wahalar tashi bayan an sake ɗaure inji

Malam, ka ce an sa wa babur ɗinka mai ƙafa huɗu sabon fistin da zobba, amma yana wahalar tashi, yana harbi ta salansa, ga shuɗin hayaƙi.

Fara da taimin, wato daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin, don nan aka fi yin kuskure. Cire fulogi, ka juya injin da hannu har alamar T da ke jikin fulawil ta zo daidai tsagar murfinsa. Alamar da ke kan giyar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ita ma dole ta daidaita da leɓen kan silinda. Haƙori ɗaya kacal sarƙar taimin ta tsallake, za ka ji wannan harbin. Daga nan ka auna tazarar bawul injin na sanyi. Ƙananan injuna galibi 0.05 zuwa 0.10 mm ne, amma bi littafin naka. In ta matse, matsin iska zai zube, sai ka yi ta buga sitata a banza.

Hayaƙin ranar farko ba komai ba ne, zobba ba su zauna ba. In ya zarce, ga bakin fulogi baƙi jiƙe da mai, to ko an kifa zobe, ko an jera tsagoginsu a layi ɗaya. Wannan sai bakanike mai ma'aunin matsi, kada a yi ta murɗa kafireto da sukundireba ana laluben sa'a.

Canza baƙin mai bayan awannin farko. Kuma kada ka kuskura ka shiga fadamar Wamakko ba matatar iska, ƙurar hunturu za ta cinye sabbin zobban kafin bazara.