Amsa: Me ya sa cin abinci ke ƙaruwa gab da al'ada?

'Yar'uwa, kin tambaya ko kwaɗayi ne ke sa ki yawan ci kafin al'ada. A'a, ko birai ma haka suke. Binciken da aka yi kan matan birai nau'in rhesus a Amurka tun shekarun 1970 ya nuna cinsu na raguwa lokacin sakin ƙwai, sa'ad da sinadarin jikin mace mai suna istrojin ya kai ƙololuwa. Bayan nan, a kwanakin da ke kafin al'ada, da wani sinadarin jiki mai suna furojestaron ya hau, sai ci ya buɗe. Idan aka cire wa biranya ma'ajiyar ƙwai kuwa, takan ƙara ci har ta yi ƙiba.

Irin abincin da matsayi a garke ma na da tasiri. A cibiyar binciken birai ta Yerkes a Amurka, da aka ajiye wa biran abinci mai maiƙo da sukari, matan da ake dannewa a garke sun fi shugabanninsu ci, har da dare.