Wutsiyar Kalma Ake Fara Dubawa

Ka tambaye ni, yaro, ko mai buga rahoton likitoci yana da bukatar sanin tushen kalmomin Girkanci da Latin, tunda kwamfuta tana gyara rubutu da kanta. Galibi kwamfuta tana kama kalmar da babu ita ne kawai. Idan ka buga sahihiyar kalma a inda ba muhallinta ba, ko uffan ba za ta ce maka ba.

Ba zan ɓata bakina a kan hyper da hypo ba, domin wanda bai san na farko yawa ne, na biyu ƙaranci, bai cancanci zama a kujerar nan ba. A wutsiyar kalma ake faɗuwa. Tomy tsagawa ce, ectomy yankewa ce a cire, ostomy kuwa buɗe kafa ce, daga stoma, wato baki.

Na taɓa riƙe wani yaro mai saurin hannu da rashin haƙuri irin naku. Likita ya rubuta nephrostomy, ma'ana an huda ƙodar majiyyaci an sa bututu domin fitsari ya sami mafita. Yaron ya ga farkon kalmar da ƙarshenta, sai ya cike tsakiya da abin da kunnensa ya saba ji, ya buga nephrectomy. A takarda, bawan Allah ya rasa ƙoda ɗaya ke nan. Rahoton ya isa hannun wani likitan, aka ɗauki hoto, sai ga ƙoda biyu lafiya lau a mazauninsu. Asibitin ya soke aikina, ya kuma danne kuɗin rahotannin da muka riga muka kammala, alhali likitansu ne ya rattaba hannu ba tare da ya karanta ba. Shi ba wanda ya ce masa kanzil, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Kada kuma ka ruɗe idan ka ga ƙoda da suna biyu, nephros na Girkanci da ren na Latin. Likitocin zamanin da, su Hippocrates da Galen, da Girkanci suka yi rubutu, shi ya sa yawancin sunayen cututtuka da na tiyata suka fito daga can, sunayen gaɓoɓi kuwa suka fi karkata ga Latin, harshen da Vesalius, masanin gaɓoɓin jikin ɗan Adam, ya wallafa littafinsa da shi a 1543. 'Yan zamani kuna son haddar jeri a waya cikin dare ɗaya, ba ku son fasa kalma. Ɗauko rahoton jiya, ka ware mini kowace kalma gida-gida kafin ka sake taɓa madannin nan.