Masu magani a ƙasar Kazakawa

Malam Bala, ka tambaya ko mutanen nan suna da bokaye. Masu magani dai akwai su, amma in ka haɗa su duka ka kira su bokaye a gaban surukaina na Almaty, birni mafi girma a Kazakistan, nan take za ka ga an ɓata rai.

Sana'ar ana ce mata emshilik, mai yin ta kuma emshi. Tushen shi ne em, wato magani, tsohuwar kalma ce ta harsunan Turkawa. Tawip da ake ji a bakin tsofaffi kuwa daga ɗabib na Larabci take, tare da Musulunci ta shigo.

Wanda kake nufi shi ne baksi. Shi ke kiran iskoki a kan marar lafiya, yana goga kobiz, wani goge mai tsirkiya biyu ta gashin doki, har sai ya fita hayyacinsa. Almararsu ta ce Korkit Ata, wani dattijo mai hikima na zamanin da, shi ne ya fara ƙera shi. Gwamnatin Sobiyet ta murƙushe baksi da malamai gaba ɗaya, musamman a shekarun 1920 da 1930. Da Kazakistan ta sami 'yancin kai a 1991 masu magani suka sake fitowa fili, sai dai yawancinsu da carbi da ayoyi suka dawo. Kobiz yanzu a makarantun kiɗa aka fi jin sa.

Abin da bai taɓa mutuwa ba shi ne na cikin gida. In jariri ya ƙi barci, surukata sai ta cinna wa busasshen ganyen adiraspan wuta a faranti, ta zagaya da hayaƙin kusurwa-kusurwa tana bisimilla, wai maganin baki da ido. Ta murje masa jiki da kitsen jelar tunkiya, ta maƙala laya mai kusurwa uku a jikin gadonsa. Kuma fa wannan matar malamar lissafi ce da ta yi ritaya, ranar rigakafi ita ke fara tashin mu.

Akwai masu ɗori, akwai masu tofi, ga nonon goɗiya mai tsami da tun da can ake ba masu tarin fuka. Masu duba kuma ƙwaya 41 suke bazawa, a da kashin tumaki ne, yanzu wake. Su ne limamai ke suka, kuma a nan ina bayan limamai.