Ga ɗan'uwan da jinjirar hawainiyarsa ba ta ci a gabansa

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce 'yar hawainiyarka ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, yau kwana biyar kana zuba mata gyare da safe, da yamma ka tarar sun ragu, amma ko sau ɗaya ba ka ga ta harba harshe ba, kana son sanin ko tana ci kuma ko yana isar ta. Ni ma na shiga wannan zullumin, kuma tawa ta farko ba ta rayu ba. Shi ya sa na kasa wucewa ban ce maka komai ba.

Don Allah kar raguwar gyaren nan ta kwantar maka da hankali. Ni abin da ya ruɗe ni ke nan. Kullum na duba sai in ga babu su, in ce Alhamdulillahi ta ci. Ashe ta ƙofar ragar keji suke sulalewa, wasu su ɓuya a gindin tukunyar shukar, sauran kuma tsaka ce ke shigowa da dare tana kwashewa. Sai da na haska tocila wani dare na ga tsakar manne a jikin raga, cikinta taf.

Kuma duk wannan mutumin da ya sayar min da ita ne ya ja. Har yau idan na bi ta layin da yake kasa kayansa a kasuwa sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. A cikin wani tsohon buhu ya zaro ta, ta yi baƙi ƙirin saboda wahala, ya ɗora min a tafin hannu. Na tambaye shi me take ci, na maimaita har sau uku don ban san komai ba a lokacin. Ya ce ai ba ta da tsada, ganyen latas da ruwa a murfin kwalba sun ishe ta, in na samu fara in jefa mata ɗaya, ko ta yi mako ba ta ci ba babu abin da zai same ta. Har da rantsuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da dabbobi, a ce bai san jinjirar hawainiya ƙwari take ci kullum ba? Ya sani. So yake kawai in biya in tafi. Hawainiyar ƙasar Yaman, mai tudu a ka, ita ce takan ɗan ciji ganye idan ta girma, ita ma ƙwari ne abincinta na gaskiya, tawa kuwa irin ta dajinmu ce. Da na koma na gaya masa abin da ya faru, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kwananta ne ya ƙare, in ina so akwai wata. Na san rai na Allah ne, amma akwai sakaci, kuma akwai ƙaryar da aka yi min ina tsaye da yarinyata a gefe tana murna.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a wurinmu. Tun a na bakwai na ga tana rufe ido da rana tsaka, na ɗauka barci ne. Ba barci ba ne, ɗan'uwa, hawainiya mai lafiya ba ta rufe ido da rana, kullum idanun nan suna juyawa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Daga baya idon ya faɗa ciki. Na sa mata wata babbar fara a gabanta, ta bi ta da kallo, ta ɗan buɗe baki, harshen ya leƙo kaɗan ya koma. Yunwa take ji, abin ne ya fi ƙarfinta. Ranar ƙarshe bayan na dawo daga sallar asuba na same ta a ƙasan kejin, ta saki reshe, ƙafafunta a dunƙule. Na ɗauke ta, ba nauyi ko kaɗan, kamar busasshen ganye. Na ɗiga mata ruwa a baki, ta motsa sau ɗaya. 'Yata ta tsaya a bakin ƙofa da kayan makaranta tana tambayata ko za ta tashi. Ban iya ba ta amsa ba.

To, ka duba girman gyaren da kake ba ta. Ka dubi faɗin da ke tsakanin idanunta biyu, duk ƙwaron da ya wuce wannan ya yi mata girma. Jinjira kamar taka 'yan mitsi-mitsin gyare sabbin ƙyanƙyasa take so, da ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Ni ɓawon ayaba nake sawa a kwalba, in rufe bakin da ragar da ƙudajen za su iya fitowa, in ajiye cikin keji. Manyan gyare kuwa in suka kwana a ciki har cizon ta suke yi tana barci, ka riƙa kwashe su kafin magariba.

Ta biyun da na raina, wadda yanzu ta fi shekara, da ƙirga na raine ta. Na samu kofin roba mai zurfi wanda ba a ganin cikinsa ta gefe, na ɗaure shi ƙasa kaɗan da reshen da ta fi zama, yadda za ta leƙa daga sama. Da hantsi in zuba guda 8, in rubuta. Wajen azahar in ƙirga saura, in ƙara. A rana tana cinye tsakanin 10 zuwa 15, wata rana fiye. Kar ka rage mata, a wannan shekarun ƙyale ta ake yi ta ci iya cinta. Kuma ka matsa daga wurin. Tsoronka take ji, a idonta kai wani ƙaton abu ne mai son cinye ta. Ni sai da na koma bayan labule na yi kusan rabin awa ban motsa ba kafin na fara ganin harbin farko, kuma wallahi sai da na yi hamdala a fili. Yawan ɗaukar ta a hannu ma yana hana ta ci, ka hana yara.

Amma babbar shaida kashinta ne. Shimfiɗa farar takarda a ƙasan kejin. Mai ci sosai kusan kullum za ka ga ta yi: ɓangare ɗaya baƙi-baƙi mai ɗan danshi, ɗayan fari. Baƙin shi ne abincin. Farin kuma shi ke gaya maka labarin ruwa, in ya koma ruwan lemo ko ruwan ɗorawa mai duhu, ƙishi take ji, kuma mai ƙishi ba ta cin abinci. Ba ta shan ruwa a kwano ko murfi, ɗigon da ke kan ganye take lasa kamar raɓa. Ka fesa wa ganyen ruwa safe da yamma, a hankali, ba a fuskarta ba. Lokacin hunturu da iska ke busar da komai nakan ƙara sau ɗaya.

Na tuna ma, kar ka kamo mata ƙwari daga gonar da aka yi wa feshi ko ɗakin da aka kunna maganin sauro. Gyaren kuma ka ciyar da su ganyen zogale da karas kwana guda kafin ka ba ta, abin da ke cikinsu shi ke shiga jikinta. Ka nemi garin kalsiyam wajen masu magungunan dabbobi ka riƙa barbaɗa musu kaɗan. In babu shi kuma babu rana, ƙashinta zai yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, harshe ya daina kai wa, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Ranar safe take buƙata kai tsaye, wadda ta ratso gilashin taga ba ta da amfani a nan. Amma rabin kejin ya kasance a inuwa, kuma kana kusa, don zafin bazararmu cikin 'yan mintuna zai iya kashe jinjira. Ƙafafun teburin da kejin yake kai kuma ka sa su cikin gwangwanayen ruwa saboda cinnaku.

Idan za ka samu ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, ka auna ta sau ɗaya a mako tare da ɗan reshen da take kai, ka cire nauyin reshen. Ko ɗigon giram ne, ya dai riƙa hawa. Idan ka ga fatarta ta yi fari-fari kuma ta ƙi ci kwana ɗaya ko biyu, saɓa za ta yi, wannan ba komai. Amma in ta kai kwana biyu ba ci ba kashi, ko ka ga ido a rufe da rana, kar ka jira kamar yadda na jira, nemi likitan dabbobi a ranar. In daga daji aka kamo ta, ka tafi masa da kashin ya duba tsutsar ciki.

Yau da yamma ka sa takardar, gobe ka ɗauko mana hoton abin da ka gani a kai, da hoton gyare ɗaya kusa da kanta. Ina nan ina jira. Allah Ya raya maka ita.