Awa nawa jirgi ke yi daga Birnin Kebbi zuwa Madina?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko awa nawa jirgi ke yi daga Birnin Kebbi zuwa Madina, saboda mahaifiyarka za ta sauke farali bana, ga shi tana fama da ciwon ƙafa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Sau biyu na bi wannan hanya, na biyun ma da gyatumata na tafi.

Tsakanin filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa da filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina akwai tazarar kilomita kusan 4,000 idan aka miƙe, zuwa Jidda kuwa kimanin 3,800. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai kan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa ɗaya, don haka lissafin yakan tsaya a wajen awa biyar, kuma haka muka yi a tafiyata ta farko, lokacin da ake ratsa Nijar da Chadi da Sudan a tsallake Bahar Maliya. Amma lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, shi ya sa a tafiyata ta biyu sai da muka haura awa shida.

Akwai wani abu da ke rikita mutane, wato agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Idan jirgi ya tashi ƙarfe goma na dare ya yi awa shida, zai sauka ƙarfe huɗu na asuba a agogonmu, amma can ƙarfe shida ne na safe. Ƙanwata da ke Jega ta ga lokacin sauka a rubuce, ta ɗauka tsohuwa za ta yi awa takwas a sama, har hankalinta ya tashi.

Sai dai a ganina ba zaman jirgin ne zai fi gajiyar da Hajiya ba. Mun baro gida da hantsi, muka yini a sansanin alhazai ana tantance fasfo da awon jaka, jirgi bai ɗaga ba sai da dare ya raba, sannan bayan sauka muka sake bin layin jami'an shige da fice kafin motar masauki. Daga ƙofar gida zuwa gadon masauki mun yi kusan yini da kwana, kuma ƙafafun gyatumata sun kumbura har silifas ɗinta suka ƙi shiga.

Saboda haka ku nema mata keken guragu tun wajen tantancewa, ku roƙa mata kujerar bakin hanya domin ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, magungunanta kuma su kasance a jakar hannu, kada a saka su a babbar jaka. Ku kuma tabbatar da inda jirginsu zai sauka, domin wanda aka fara kaiwa Madina sai ya tashi tafiya Makka zai ɗauki harami a Zul-Hulaifa, amma wanda zai wuce Makka ta Jidda dole ya shirya haraminsa tun kafin jirgi ya kai miƙati.