Sati bakwai da yi mini aiki a hannu, har yanzu ba na iya tuƙa tuwo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mai sayar da waakye (shinkafa da wake) ce a Aboabo, Kumasi. Shekaruna 41, 'ya'yana huɗu, autan bai cika shekara biyu ba. Santsi ya kwashe ni a bakin famfo na dafa ƙasa, wuyan hannuna na dama ya karye, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe. Yau sati bakwai ke nan. An cire zare, ciwon ya rufe, amma hannun yana kumbura da yamma, yatsuna ba sa dunƙulewa, ko murfin kwalba ba na iya buɗewa. Mutanen gida sun fara gajiya. Uwar mijina ta ce a kai ni wurin mai ɗori ya murza, maigida kuwa gani yake tunda ciwo ya rufe ai na warke. Aikin ne bai yi kyau ba? Yaushe zan koma sana'ata?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga hoton ƙashinki ba, likitan da ya yi aikin shi ke da magana ta ƙarshe, amma a abin da kika zayyana babu alamar aiki ya ɓaci. Yawanci haka hannu yake a sati na bakwai, sai dai yatsun suna son a duba su.

Abin da ke ruɗa mutanen gida shi ne fata tana riga ƙashi warkewa nesa ba kusa ba. Kwana 10 zuwa 14 an cire zare, ido ya ga wuri ya rufe. Ƙashin babban mutum kuwa sai wajen sati 6 yake fara kamawa, kuma yakan kai wata 3 kafin ya ɗauki nauyi na gaske. Ƙarfin damƙa da lanƙwasar wuyan hannu su ne na ƙarshe wajen dawowa, suna iya ci gaba da gyaruwa har shekara guda. Shi ƙarfen da aka sa miki kamar katakon da magina ke tokare rufin kankare da shi ne: yana riƙe wurin daidai kafin siminti ya bushe, amma ba shi zai ɗauki bene ba.

Saboda haka ki raba abu biyu da mutane ke haɗawa, motsi da nauyi. Hannunki yana neman motsi kullum, nauyi ne ba ya so tukuna. Masu zuwa wurinmu da matsala yawanci ɗayan biyu ne: wadda ta rataye hannu a wuya wata biyu don tsoro har yatsu da kafaɗa suka sandare, ko wadda ta ji sauƙi-sauƙi ta sunkuci galan ɗin Kufuor cike da ruwa. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, galan mai lita 25 kuwa kin ga abin da ake nufi. Daka sakwara, tuƙa tuwo ko banku, matse wanki, sauke tukunyar waakye daga murhu, duk ki bar su sai an sake hoto likita ya ce ƙashi ya haɗe. Har da auta. Yaro mai shekarunsa yakan kai wajen kilo 10, kuma shi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ki zauna ya hau cinyarki da kansa, in goyo ne wata ta ɗora miki shi ta ɗaure zanen.

Amma akwai aikin gida da shi kansa magani ne. Tsince wake da yatsun hannun daman nan, tsinke ganyen ayoyo, ninke kayan yara, jan carbi, ƙirga canji. Sannan ki ɗaura motsa hannun a kan salloli biyar don kada ki manta. Bayan kin sallame, ki dunƙule yatsu iyakar iyawarki ki miƙe su sau goma, ki taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ki manne gwiwar hannu a haƙarƙari ki juya tafin sama ki juya shi ƙasa, ki ɗaga hannun gaba ɗaya sama da kai saboda kafaɗa. Tunda ciwon ya rufe, tsoma hannun a ruwan ɗumi na minti goma kafin ki fara yana sassauta shi. Ɗumi na ce, ba gashi da tafasasshen ruwa ba, don fatar da ke kusa da tabo takan yi dindiris, sai ta ƙone mutum bai ji ba. In zafin motsin ya lafa cikin awa guda, kina kan hanya. In ya kwana har gobe, kin zarce, ki rage. Kumburin yamma kuma na hannun da ya wuni a rataye ne; ki kishingiɗa ki ɗora shi a kan matashi biyu ya fi ƙirji tsawo kina motsa yatsu.

Batun mai ɗori, na san Mama don ƙauna ta faɗa, kuma ba girmanki ba ne ki yi jayayya da ita. Duk da haka amsata a'a ce. Murza da ja a kan ƙashin da bai gama kamawa ba na iya sassauta kusoshin da ke riƙe da ƙarfen, in kuma aka yi tsaga aka shafa magani, ƙwayar cuta ta samu hanyar shiga. Cutar da ta zauna a jikin ƙarfe wuyar fita gare ta, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ƙarfen. Abin da nakan ce wa mata a irin wannan hali: ki ba ta nata aikin. Ta riƙa shafa miki man kaɗanya a tabon tana murzawa a hankali da kan yatsa, minti biyar safe da yamma. Tabon zai yi laushi, ita ma ta ga ba a yar da ita ba.

Maigida kuwa, kada ki ɓata bakinki a gida. Ranar komawa asibiti ki roƙe shi ya raka ki, a nuna masa hoton, ya ga kusoshin da idonsa, ya ji wata nawa ya rage daga bakin likita. Na sha ganin namiji ya shigo yana tsaki ya fita yana riƙe wa matarsa jaka. Sannan a zauna a raba aiki da suna: wane ruwa, wance wanke-wanke, wance tuƙi. "A riƙa taimaka mata" magana ce da ba ta da mai ita, sati guda kowa ya zame. Roƙona ɗaya, kada a cire babbar 'yarki daga makaranta saboda wannan.

Salla ma wuri ce da mutane ke ji wa kansu ciwo ba su sani ba, musamman wajen tashi daga sujada, inda ake dogara da tafin hannu. Ki ajiye hannun a ƙasa ba tare da kin danna ba, ki tashi da ƙarfin ƙafa da hannun hagu. In ya gagara ki yi a zaune. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba mara lafiya wannan sauƙin. Cin abinci kuwa, ki fara komawa dama da cokali, shi ma motsi ne. Ranar da ya ƙi, ki ci da hagu bayan kin wanke da sabulu, lalura ce. A trotro, wato motar haya, ki nemi kujerar da hannun zai kasance nesa da ƙofa da masu shiga da fita, kuma kada kowa ya kama shi don ya taya ki hawa.

Abinci bai buƙatar tsada: wake, ƙwai, wagashi, nono, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, zogale da kontomire. In kina da ciwon suga ki kula da shi sosai, yana jinkirta warkewa, haka ma taba. Farasitamol mai miligiram 500 kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Tiramadol ɗin da ake saya a bayan fage, kada ki fara.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar da aka rubuta miki. Zazzaɓi, ja ko ruwa daga tabon. Dindiris a babban yatsa da biyun da ke biye da shi, mai tashe ki cikin dare. Babban yatsa ya daina ɗaguwa ko lanƙwasuwa farat ɗaya, don jijiyarsa na iya gogar ƙarfen ta tsinke. Ko zafi kamar wuta, fata tana sheƙi tana canza launi, ko mayafi ya taɓa sai kin zabura. Ɗaya daga cikinsu ya isa ki koma asibiti a ranar.

Sana'a kuwa, yanzu ma za ki iya zama a bakin tebur kina karɓar kuɗi kina sa ido, wata tana zubawa. Zuba wa mai saye da ludayi yakan yiwu bayan likita ya ga hoto ya yarda, ɗaga tukunya kuwa ki sa ranki a wata 3 ko fiye. Kuma yatsun da ba sa dunƙulewa a sati na bakwai suna buƙatar a duba su da wuri. Ki ce wa likitanki ya rubuta miki takardar zuwa sashen gashin ƙashi (physiotherapy), akwai shi a asibitin Komfo Anokye, ki tafi da katinki na inshorar lafiya (NHIS) da hotunan da aka yi miki tun na farko.